Sabon Birni da Isa: Ɗaukin da Ba Ya Zuwa a Kan Kari

A watan Mayun 2020, Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir, wanda ke wakiltar Sakkwato ta Gabas a lokacin, ya miƙe a zauren Majalisar Dattawa ya faɗi maganar da ta isa ta hana kowane mai mulki barci. Ya ce mutanensa sun koma dogaro da sojojin Jamhuriyar Nijar, domin idan 'yan bindiga suka afka musu, su ne ke amsa kira. A cikin watan nan dai, ranar 27, mahara bisa babura suka shiga Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70.

Daga lokacin zuwa yau an sauya gwamna, an sauya shugaban ƙasa, an sauya sunan rundunar da ke yaƙi a daji daga Hadarin Daji zuwa Fansan Yamma. Tambayar manomin Gatawa da Tarah da Unguwar Lalle da Bafarawa kuwa tana nan yadda take: idan na yi kira, wa zai zo, kuma yaushe? Wannan jarida tana ganin a kan wannan tambaya ya kamata a auna duk wani mai riƙe da amanar tsaro a gabashin Sakkwato. Yawan motocin da aka raba a filin taro da yawan jawaban ta'aziyya ba su amsa ta.

Duk wanda ya san yankin ya san yadda abin yake gudana. Sau da yawa ba a ɓoye maharan ke zuwa ba. Tun da la'asar wani makiyayi ko mai itace zai hango ayarin babura, goyon biyu ko uku, kowa da bindiga a rataye. Labari ya iso gari. Mai gari ya kira uban ƙasa, uban ƙasa ya kira DPO ko shugaban sansanin soja mafi kusa, in an yi sa'a akwai sabis. In babu, sai yaro ya hau tudu ko bishiya yana ɗaga waya sama, ko a nemi mai layin Nijar. A ɗaya ɓangaren kuma akwai jami'in da ke da mota ɗaya, wataƙila babu mai a cikinta, da mutane 'yan ƙalilan, ga hanyar da damina ta yanke, ga gulbi ya kawo, ga tsoron kwanton ɓauna a kowace kwana. Zai jira umarni, ko ya jira ƙarin mutane, ko ya jira gari ya waye. Kafin ya iso an kora shanu, an fasa shaguna, an cinna wa rumbuna wuta, an tasa ƙeyar mata da yara. Abin da ya rage masa shi ne ƙirga gawa da rubuta rahoto, wato ihu bayan hari.

Ba mu ɗora wannan laifi a kan ƙaramin ɗan sandan da aka ajiye a bakin daji ba. A watan Satumban 2021 'yan bindiga suka afka wa sansanin haɗin gwiwa na Burkusuma a Sabon Birni, suka kashe jami'ai fiye da 10, cikinsu har da sojoji da 'yan sanda. Mutumin da aka tura wurin da shi kansa ba ya da tabbacin ɗauki, ba a yi masa adalci ba idan aka ce me ya hana shi fita da tsakar dare. Laifin na tsari ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, linzaminta kuma yana Abuja. Jami'anta ba su wuce wajen 370,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kowa yana ganin yadda dubbai daga cikinsu suka ƙare a ƙofar gidajen manya da bayan motocinsu. Ɗan abin da ya rage birane ke fara ɗiba. Ƙauyen bakin iyaka shi ne na ƙarshe a rabo.

A cikin wannan giɓi ne shawarar kare kai ta samu gindin zama. Janar T. Y. Danjuma ya faɗe ta a Jalingo a 2018. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya nanata ta a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga. A Gobir kuwa maganar tana da daɗin ji, don ana haɗa ta da tarihi: ai ku jikokin Bawa Jangwarzo ne, kakanninku da suka bar Alƙalawa bayan 1808 ba su jira kowa ba, ganuwa suka gina suka tsare kansu. Doka ma ba ta hana ba, domin sashe na 33 ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon buƙata.

Sai dai masu wannan shawara suna magana kamar mutanen Gobir ba su gwada ba. Sun gwada, kuma sun biya da jini. Babu garin da ba shi da 'yan banga. Matasa sun yi shekaru suna kwana a bakin gari da tocila da adda da bindigar gargajiya mai ɗurin baki, wadda in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ka sake ɗura mata albarushi, alhali wanda ke gabanka AK-47 ce a hannunsa, wani lokaci har da babbar bindigar da ake harbo jirgi da ita. An yi karo-karo an sayi harsashi. An haƙa ramuka a kewayen gari. Akwai garuruwan da suka kori mahara, kuma jarumtarsu abar yabo ce. Amma mutanen yankin sun san abin da kan biyo baya: garin da ya yi turjiya yau, shi ake dawo wa gobe da ninkin babura, sai a mai da shi abin misali ga maƙwabta. Turjiyar ƙauye tana da amfani ne idan akwai wanda ke tafe a bayanta. Sa'a ɗaya ana iya riƙewa, dare guda ba ya yiwuwa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Makami a hannun wanda ba ya ƙarƙashin kowa ba ya tsayawa a kan ɓarawo. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutane a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, akasarinsu Fulani. Kafin watan ya ƙare aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu, kuma da yawa sun ɗauki harin a matsayin ramuwar gayya. Wata guda bayan haka Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. A watan Disamba aka tare motar matafiya a Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa, aka ƙone ta da mutanen ciki, 'yan sanda suka ce 23 ne suka mutu. Duk Bafulatanin da aka kashe don kamanninsa kawai, an ba jagoran 'yan bindiga Bello Turji da irinsa hujjar ɗaukar ƙannensa aiki. Burkina Faso ta bi wannan hanya gadan-gadan tun 2020, ta ba 'yan sa-kai horon makonni biyu da bindigogi. Kisa bai tsaya ba, sai ma zarge-zargen kisan ƙabilanci da suka ƙaru.

Wanda bai iya faɗa ba, shi ma ya nemo tasa dabarar, kuma ita ce ta fi ciwo. Ana sa wa gari haraji na miliyoyi, mai gari ya raba shi gida-gida, a sayar da akuya da buhun gero a haɗa. A biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi. A wasu wurare a kwashi matasa su yi wa 'yan bindiga noma kyauta. A ƙarshen 2021 har rahotanni suka fito cewa mahara sun naɗa nasu masu gari a wasu ƙauyukan Sabon Birni, suna yanke hukunci. Ba ma zargin talakan da ya biya, ransa da na iyalinsa yake fansa. Amma kowace naira da ya miƙa harsashi ce da za a harbi maƙwabcinsa da ita, kuma shi ma ya sani. Wasu kuma sun tattara sun tsallaka iyaka, dubbansu suna zaune a yankin Gidan Rumji da sauran sassan jihar Maraɗi, suna hango gonakinsu daga ƙasar wasu.

Masu zama a birni kan ce dukiya ai ba rai ba ce, a bar musu su ɗauka. Gaskiya ne babu saniyar da ta kai ran mutum, kuma muna roƙon kowa kada ya tsaya mutuwa a kan garke. Amma a san me ake nufi da dukiya a karkara. Shanun huɗa biyu su ne gonar mutum gaba ɗaya. Ranar da aka kore su, mai noma kadada biyar ya koma noman abin da fartanya za ta iya. Rumbu shi ne abincin shekara da irin shuka da kuɗin asibiti da auren 'ya. Babur shi ne ke kai albasa kasuwa, shi ne ke kai mai naƙuda asibiti. Babu inshora, babu ajiyar banki, babu wanda zai biya diyya. Magidancin da aka yi wa wannan ɓarna a dare ɗaya, shi ne za ka gani bayan wata uku a tashar Sakkwato, 'ya'yansa na bara. Kare dukiyar manomi kare rai ne, illa dai mutuwar ba a ranar take zuwa ba.

Wanda ke ganin abin na talakan ƙauye ne kaɗai, ya tuna da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa. An sace shi tare da ɗansa a ƙarshen Yulin 2024 a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Ya yi fiye da makonni uku a hannun mahara, duniya ta gan shi a bidiyo a ɗaure yana neman ɗauki, har aka kashe shi a watan Agusta. A nan ba a rasa labari ba, ba a rasa lokaci ba. Idan uban ƙasa ya yi makonni uku yana kira ba a isa gare shi ba, me za a ce wa mai garin da ke da minti 40 kacal?

Matsayin wannan jarida shi ne, akwai aikin da ya rataya a wuyan al'umma, kuma ba ƙarami ba ne. Gadi na karɓa-karɓa, saurin isar da labari daga gari zuwa gari, sanin baƙon da ya sauka, shirya inda mata da yara za su nufa idan an ji harbi, da tona asirin infoma da masu kai wa daji mai da burodi da ƙwaya, ko da 'yan gida ne. Haka nan a jawo Fulanin da ke zaune lafiya cikin shirin, domin su ma ana kore musu shanu, kuma sun fi kowa sanin daji. Amma raba bindiga ga kowa da kowa ba ma goyon bayansa, kuma ba mu yarda gwamnati ta fake da kalmar dogaro da kai ta sauke nauyin da sashe na 14 ya ɗora mata ba, wato tsaron jama'a da walwalarsu.

Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da rundunar askarawan jiha a watan Maris na 2024, da mutum wajen 2,600, bayan Katsina da Zamfara sun kafa nasu. Mataki ne mai kyau, don ya mai da 'yan gari ƙarƙashin doka da shugabanci. Amfaninsa zai dogara ne ga biyan su a kan lokaci, kula da iyalan waɗanda suka kwanta dama, hukunta wanda ya wuce gona da iri, da kuma haɗa su da soja da 'yan sandan kwantar da tarzoma ta hanyar rediyon oba-oba, yadda kiransu zai zama kiran da dole a amsa.

Sauran buƙatun ba ɓoyayyu ba ne. Sansanoni masu ƙarfin gaske a matakin gunduma, da babura da motoci masu sulke, a maimakon 'yan tsirarun jami'ai da ake watsawa su zama abin farauta. Hanyar Gundumi da ta Isa zuwa Sabon Birni su zama hanyoyin da ake sintiri dare da rana. A gyara turakun sadarwa a kuma tsare su, domin lambar gaggawa ta 112 ba ta da amfani a inda waya ba ta shiga, kuma rufe sabis da aka yi a ƙananan hukumomi 14 a watan Satumban 2021 ya nuna cewa talaka ne ke fara rasa bakin kira. A maido da aiki tare da sojojin Nijar a bakin iyaka, wanda ya yi rauni tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk kuwa da saɓanin da ke tsakanin Abuja da Yamai. Maganar 'yan sandan jihohi, wadda shugaban ƙasa da gwamnoni suka ce sun amince a duba tun Fabrairun 2024, ita ma a nan za a gane amfaninta ko rashinsa.

Akwai abu guda da ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki ko sabon kasafi. A Ingila rundunonin 'yan sanda da yawa sun ɗaure kansu da isa wurin kiran gaggawa cikin minti 15 a gari, minti 20 a karkara, kuma suna bayyana sau nawa suka cika, sau nawa suka gaza. Ba mu ce a yi minti 20 a Tsamaye ko Kamarawa gobe ba. Muna cewa a fara rubutawa. Kowane ofishin 'yan sanda da sansani a Sabon Birni da Isa ya ajiye littafi: ƙarfe nawa aka kira, wa ya ɗauka, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa, in ba a je ba me ya hana. Iyayen ƙasa su ma su riƙe nasu littafin, don a riƙa gwada biyun. Kwamishinan 'yan sanda ya gabatar da wannan lissafi ga majalisar tsaro ta jiha kowane wata, 'yan majalisar dokoki masu wakiltar Sabon Birni da Isa su nemi a karanta shi a zaure, kuma a fara kafin girbin bana, lokacin da rumbuna ke cika, mahara kuma ke aiko da takardun haraji.