Sanin Ƙasa: Inda baƙo ke kwana a duwatsun Abzin

Manoman Damargu da na Damagaram sun san Abzinawa. Tun kaka da kakanni, bayan an gama girbi, ayarin raƙuma yana saukowa da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi. Amma kaɗan ne cikin masu sayen gishirin sunka taɓa ganin ƙasar da ayarin yake fitowa. Wannan wata filin Sanin Ƙasa ya nufi can, don a ji inda ya kamata baƙo ya shimfiɗa tabarmarsa idan dare ya yi masa.

Abzin tana arewa da Agadas. Ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu. A cikinsu akwai dutsen Bagazam, wanda sanannen dokin nan ɗan Bagazam ya samu suna daga gare shi. Tsawon ƙololuwarsa mita 2022 ne. Duk faɗin Nijar babu wurin da ya kai shi bisa. Babu kogi mai gudu rani da damina kamar kogin Isa da ya ratsa Yamai. Ƙoramu ne na rairayi suke bi tsakanin duwatsu. Yawancin shekara a bushe suke, amma ruwa yana kwance ƙarƙashin rairayin. Shi ya sa garuruwa da garake suke jere bakin ƙorama. An daɗe ana jan ruwan rijiya da raƙumi ko sa, yanzu kuma injin ban ruwa ya yawaita.

Garin Timiya yana da nisan fiye da kilomita 200 daga Agadas, kuma hanyar ba ta da kwalta. A garakensa ana samun lemu da rumman da dabino da alkama. Kusa da garin akwai wurin da ruwa yake zubowa daga bisa dutse, ya taru cikin wani kwarmi. Don ganin irin waɗannan wurare ne anka gina masaukan baƙi, waɗanda ake kira kampama, a Timiya da Iferwan. Ba manyan gidaje ba ne. Ƴan ɗakuna ne na ƙasa ko na dutse, da bukkoki na kaba da tabarmi, cikin fili ɗaya. Baƙo yana samun wurin kwanciya da ruwa, a dafa masa abinci da shayi, ya biya kuɗin kwana.

Akwai kuma Tafadak, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Agadas ba. Can ruwan zafi ne yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Mutane suna zuwa daga nesa su yi kwanaki suna wanka, musamman masu ciwon gaɓoɓi. Wankan yana sa jiki ya saki. Amma ba ya hana mutum zuwa wurin likita.

Wanda dare ya riske shi nesa da gari, sai ya ya da zango a fili. Nan ne haɗarin yake. Idon baƙo yakan faɗa kan tsakiyar ƙorama. Rairayin yana da laushi kamar katifa, babu tsakuwa, ga inuwar goriba, duwatsu kuma sun tare iska. Ba'abzine ba ya kwana nan da damina. Yana hawa tudu, ya ɗaure raƙuminsa can, ko da wurin ya fi tauri.

Ga dalili. Ruwan sama kaɗan ne a Abzin, daga Yuli zuwa Satumba. Amma dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa. Abin da ya zuba duka yana gangarowa lokaci guda, ya haɗu cikin ƙorama. Ana iya yin ruwan a wani dutse mai nisa, alhali inda baƙo yake kwance taurari sun cika sama, ko ɗigo bai sauka ba. Sai tsakar dare a ji ƙugi kamar na babbar mota. Kafin a naɗe shimfiɗa ruwa ya iso, yana turo itatuwa da duwatsu. Yana ɗaukar akuya, yana ɗaukar raƙumi, yana kifar da mota.

Mutanen Agadas ba su manta da farkon watan Satumba na 2009 ba. An yi ruwa mai yawa a duwatsu, ƙoramar Telwa ta cika, ta fasa madatsa, ta shiga unguwannin gari. Gidajen ƙasa masu yawa sunka rushe, garake sunka lalace. Idan ƙorama ta yi wa gari haka, ina ga mutum ɗaya da tabarma? Makiyayan kudu da suke kai dabbobi arewa da damina su riƙe wannan. Haka ma direba: idan ya tarar ƙorama tana gudu, ya kashe mota ya jira. Sau da yawa ruwan yana janyewa cikin ƴan awoyi ko kwana guda.

Da sanyi kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, ba ruwa ne abin tsoro ba. Da rana ana jin daɗi, da dare ɗari yana shiga ƙashi. A bisa Bagazam wani lokaci har ruwa yana daskarewa. Wanda ya zo da riga ɗaya yakan so ya hura babbar wuta ya kwana kusa da ita. To, itacen Abzin ba ya saurin girma. Icen da anka sare cikin minti goma ya yi shekaru masu yawa yana tsirowa, kuma shi ne abincin awaki da raƙuma da rani. Jagoran kirki yana tsinto busassun ƙirare kaɗan, ya dafa shayi, ya gasa gurasar alkama cikin rairayi mai zafi, ya kashe wuta. Bargo biyu sun fi gungume. Ruwan da ya taru a kwarmin dutse ma na jama'a ne. Shi mutane da dabbobi suke sha. Ba a wanka da sabulu a ciki, ana ɗiba a koma gefe. A 1988 gwamnati ta keɓe wani babban yanki na Abzin da Tenere don kare daji da namun daji, a 1991 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya. Farautar barewa da ragon dutse a ciki laifi ne.

Cikin shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido suna zuwa da yawa lokacin sanyi. Jagorori da direbobi da masu dafuwa sun samu aiki. Maƙera sun sayar da kayan azurfa, masu garake sun sayar da lemu. Sai tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da kome. Baƙi sun fara dawowa, wani tawayen ya tashi daga 2007 zuwa 2009, har anka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. A watan Satumba na 2010 anka sace ma'aikata baƙi a Arlit. Daga nan Turawa sunka janye ƙafa, masaukai da dama sunka zama babu kowa. Da anka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa sunka tafi haƙa.

Ɗan ƙasa mai niyyar zuwa, don wanka a Tafadak ko don sayen lemu da albasa, ya fara tsayawa Agadas ya tambayi hukuma halin hanya. Ya nemi jagora ɗan wurin, kada ya bar sawun da motoci suke bi. Idan ya isa gari, ya gaida maigari kafin ya sauke kaya, shi zai nuna masa inda ruwa bai taɓa kaiwa ba.