Darasin Ƙwaƙwalwa Da Masu Karatun Dare

Kowace shekara, da zarar jarrabawar WAEC da ta NECO sun ƙarato, sai ka ga 'yan ajin ƙarshe na makarantunmu na sakandare sun mai da dare rana. Wannan ya tsoma ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi, wancan ya cika baki da goro, wani kuwa yana kurɓar kofi mai kauri, duk don kada barci ya sace su. Iyaye suna gani suna sa albarka, malamai suna gani suna yaba ƙwazo. Mu kam a ganinmu wannan ɗabi'a ɓarna ce, hujjarmu kuwa tana nan cikin littafin da yaran suke riƙe da shi.

A cikin manhajar ilmin halittu akwai babin da ya yi bayanin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo, da kuma sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini. Wannan babi shi ne tushen fannin da ke binciken yadda gaɓoɓin jiki suke haifar da tunani da tsoro da barci da mantuwa. Abin takaici, yawancin ɗalibai karatun aku suke yi masa. Yaro zai zana hoton ƙwaƙwalwa, ya jera sunayen sassanta ba kuskure, amma bai taɓa tsayawa ya lura cewa abin da ya zana shi ne abin da yake karatun da shi ba.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, tana kuma cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Waɗannan ƙwayoyi suna miƙa wa juna saƙo ta wasu 'yan mahaɗai. Duk lokacin da mutum ya koyi wani abu, mahaɗan da saƙon ya bi sai su ƙara ƙarfi, kamar yadda turba take fitowa a daji saboda yawan bi. Turbar da aka bi sau ɗaya aka bari kuwa, ciyawa ce za ta rufe ta.

Tun cikin 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sai ya tarar mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne cikin sa'o'in farko bayan hadda. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana uku ya yi daidai da maimaici 68 da aka yi a zama guda. Malamanmu na makarantar allo sun daɗe da sanin haka a aikace, shi ya sa ba su barin almajiri ya ci gaba sai yana tishin karatunsa na baya. Lalle ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun barci, wanda shi ne babban abin da masu karatun dare suke wa riƙon sakainar kashi. Can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kunnuwa, akwai wani sashe da ake kira hifokamfas. An san muhimmancinsa ne ta dalilin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka yi wa aiki cikin 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin wannan sashe dama da hagu. Har ya rasu cikin 2008 yana tuna abubuwan ƙuruciyarsa, amma sabon abu ba ya zama a kansa. Wanda ya gaisa da shi da hantsi, kafin azahar ya zama baƙo. Watau ta wannan ƙofa sabon karatu yake shiga. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a lokacin barci mai nauyi ne hifokamfas yake maimaita abin da aka koya da rana, yana miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda zai daɗe. Tun ma cikin 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta bisa ga wanda ya yi irin waɗannan sa'o'i ido biyu. Likitoci suna ba da shawara matashi ya sami barcin sa'a 8 zuwa 10.

Goro da kofi fa? Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke kawo gyangyaɗi. Kafeyin da ke cikin goro da kofi yana toshe wuraren da adenosin ke kamawa ne kawai, gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba. Ido a buɗe, amma karatun ba ya zama. Gari na wayewa yaro ya shiga zauren jarrabawa a gajiye, ga fargaba. Nan take gaɓoɓin nan biyu da ke bisa ƙoda su zubo adrenalin da kotisol, zuciya ta hau bugawa, tafin hannu ya jiƙe. Kaɗan daga cikinsu yana wartsake mutum, amma in sun yi yawa sukan hana shi tuno abin da ya sani. Shi ya sa za ka ji yaro yana rantsuwa cewa amsar ta faɗo masa bayan an karɓe takarda.

Wani zai ce ai manhajar tana da faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne. Gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne fara bita tun farkon shekara, da kuma gyara yadda ake yin ta. Cikin 2006 wasu masana a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai, suka tarar bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke cikinta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Saboda haka ɗalibi ya rufe littafi ya zana hoton da ka, ya amsa tambayoyin shekarun baya, ya yi wa abokinsa bayani da bakinsa, sa'an nan ya duba inda ya kuskure.

Muna kira ga shugabannin makarantun kwana da su tsaya kan lokacin kashe fitila, ko da ana gobe jarrabawa. Malaman ilmin halittu su koyar da wannan babi da wuri, su nuna wa yara yadda ya shafi karatunsu na sauran darussa. Iyaye kuma, musamman ma'aikata da ke kashe rabin albashi wajen kuɗin makaranta da na rajista, su daina auna ƙoƙarin yaro da yawan daren da ya raba. Su tambaye shi abin da ya karanta makon jiya, su ji ko yana nan. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin.