Zuciya Ta Farfaɗo, Saura Ƙoda

Masu sha'awar ƙwallo ba su manta da ranar 12 ga Agusta 1989 ba, sa'ad da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Ikko ana karawa da Angola, zuciyarsa ta tsaya. Irin wannan faɗuwa tana aukuwa a Gariki ta Inugu, da kasuwar Ose ta Anacha, da unguwannin mutanenmu na Fatakwal, sai dai babu mai bugawa a jarida.

To, a ce an ci sa'a likitoci sun ta da zuciyar, an kwantar da mutum a ɗakin kulawa ta musamman. Nan 'yan'uwa kan ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ƙoda tana shan kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, saboda haka 'yan mintocin nan da jini ya tsaya suna iya ƙona ta. Ɓarnar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga fitsari ya ragu, guba ta taru cikin jini. Binciken asibitocin Turai ya nuna waɗanda ƙodarsu ta taɓu sun fi saura mutuwa. Amma fa yawancin waɗanda suka tsallake, ƙodar takan warke, watau wankin ƙodar na ɗan lokaci ne.

A daidai nan ne al'adarmu ke cutar mu. Da majinyaci ya buɗe ido, sai a haɗa kuɗin mota a ce a kai shi gida, wai ciwo a gaban dangi ya fi sauƙi. Tafiyar yini da kwana a mota, ga zafi, ga jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki da ake ɗura masa a hanya, wace ƙoda za ta jure? Alhali asibitin koyarwa na Inugu, wanda ya fara aikin buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974, yana nan Ituku-Ozalla. Na Anacha ga Nnewi kusa da su, na Fatakwal kuwa nasu na cikin gari.

Kuɗi ne cikas, ba mu musa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti korar wanda ke halin gaggawa, amma ba ta biya masa kwanakin da ke biye. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Owerri. Ya kamata Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan shanu da 'yan gwari su buɗe asusu, kuɗin motar nan da ake tarawa a zuba shi can, majinyaci ya zauna har likita ya ce fitsarinsa ya daidaita.