Gurbin da Ba Shi da Suna: Ina Ɗaliban Hausa Suke?

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ya san cewa kowace kalma tana tafe ne da rakiyarta: yadda ake furta ta, jinsinta, jam'inta, sannan ma'anarta. Mai karatu yakan gane kowanne daga inda aka ajiye shi. Ita kuwa kwamfuta ba ta da wannan basira, sai an faɗa mata.

A harshen sarrafa kwamfuta na Python akwai hanyar ɗaure bayanai wuri guda a jere, waɗanda ba a iya sauya su bayan an ɗaure. Matsalar ita ce da lamba ake kiran kowane gurbi, kuma daga sifili ake fara ƙirga. Wato wanda ya nemi gurbi na 2, na uku za a miƙo masa. Idan abokin aikinsa ya sa jinsi a inda shi yake zaton jam'i ne, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, sai dai a wayi gari da ƙamus mai cewa jam'in "akuya" shi ne "tamace". A shekarar 2008 Python 2.6 ya zo da namedtuple, aikin Raymond Hettinger, wanda ya ba mutum damar raɗa wa kowane gurbi suna. Maimakon lamba sai a ce shigarwa.jinsi, kowa ya gane.

To, wa zai raɗa sunayen? A nawa ra'ayin, 'yan'uwa ɗalibai, wannan aikinmu ne, bai kamata mu bar wa 'yan sashen kwamfuta ba. Dalilina kuwa ga shi.

Tun daga Python 3 an yarda a yi suna da haruffan da ba na Ingilishi ba, don haka ƙ da ɗ da ɓ duk sun samu shiga. Amma alamar hamza da ke kan allon bugu ba ta shiga cikin suna, domin Python ya keɓe ta don buɗe zance da rufe shi. Sai ga shi kalmomi biyu da muka fi bukata, "jam'i" da "ma'ana", duk suna ɗauke da ita. Wanda bai karanci Hausa ba zai cire ta kawai ya rubuta "jami", ya bar na baya yana tunanin ko jami'i ake nufi ko jami'a. Mu ne za mu iya zama mu yanke shawara, ko a rubuta jam_i da ma_ana, ko a nemo wasu kalmomin, kuma kowa ya bi. Abin ban sha'awa, 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y sun tsira daga rabin wannan wahala.

Suna kaɗai kuma bai wadatar ba, sai da bayani. Daga Python 3.5 na 2015 ana iya rubuta wa kowane gurbi bayaninsa. A nan ne ilimin da muke koya a aji yake da rana. Gurbin jam'i kalma ɗaya zai ɗauka ko fiye, tunda suna guda kan yi jam'i biyu ko uku? Kananci za a bi ko za a buɗe wa Sakkwatanci gurbinsa? Gurbin giredi, bisa rabon aikatau gida bakwai da Parsons ya yi a 1960, me za a sa masa idan kalmar suna ce? Sannan da wace alama za a nuna karin sauti da tsawon wasali? Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin mu da muka koyi Hausa bayan harshen gida mun san cewa a rubutun yau da kullum "fari" na launi da na rashin ruwan sama da na jam'in fara duk kamanninsu ɗaya.

Wasu za su ce a bar sunayen da Ingilishi don baƙi su amfana. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ƙi a yi bayanin da harsuna biyu ba. Sai dai keɓaɓɓun kalmomin nahawu ba yau aka samar da su ba. Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito tun 1990 da tallafin hukumar NERDC, wadda hedkwatarta ke nan Sheda, ba nisa da Gwagwalada. Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta ɗauki wannan littafi, ta gayyaci ɗalibai biyu ko uku daga sashen kwamfuta, a fitar da takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen gurabe da bayanansu kafin 'yan ajin ƙarshe su fita tattara kalmomi.