Zanen da ya Tā da Keken Kakana

Jama'a, ina da wata 'yar magana a kan keke, amma ƙarshenta a kan aikinmu na koyarwa za ta faɗi.

Kakana ya yi aikin reluwe a nan Kafanchan, garin da ya tashi saboda mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927. Da ya rasu ya bar mini kekensa Raleigh mai giya uku. Da aka tura ni gwajin koyarwa wajen Kagoro, sai na ce ga abin hawa ya samu. Ashe ba haka ba. Ina tsakiyar hawan tudu sai feda ta zame, tana juyawa a banza, na kuwa sha ƙasa a gaban 'yan makarantata.

Na kai shi wurin masu gyara har uku. Kowa ya duba cibiyar ƙafar baya sai ya girgiza kai. Na ukun ya ce, "Malam, mu cire wannan mu yar, mu sa maka mara giya." Ban ga laifinsu ba, gama yawancin kekunan ƙasarmu marasa giya ne, ba wanda ya taɓa nuna musu abin da ke cikin wannan gwangwani.

Da na goge tsatsa sai ga rubutu a jikin cibiyar: Sturmey-Archer, AW, da lambar shekara da ta wata. Wannan kamfani na Nottingham ne a Ingila, ya fara ƙera giya a 1902, samfurin AW kuwa ya fito a 1936. A shekarar 2000 aka sayar da shi ga kamfanin SunRace, aikin ya koma Taiwan. Da haruffan nan biyu na yi ta nema a intanet, kwana da kwanaki, har na sami tsohon zanensa, wanda ya baje kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, kowane da lambarsa. In kana neman irinsa, fara da karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen, gama shi ne mabuɗi.

To, ga abin da zanen ya nuna. A tsakiya akwai ƙaramin faifai mai haƙora 20, kafe a kan sandar, ba ya motsi. Waɗansu faifai huɗu suna kewaya shi, kowane da haƙora 20. Sa'an nan wani zobe mai haƙora 60 daga ciki ya kewaye su duka. A giya ta biyu, ƙafa tana juyawa daidai da faifan sarƙa. A ta uku, faifan sarƙa ya juya sau 3, ƙafa ta juya sau 4, watau an ƙara sulusi. A ta fari kuwa ya juya sau 4, ƙafa sau 3, an rage rubu'i, shi ya sa tudu ke yin sauƙi. 'Yar sarƙar nan da ke fitowa daga bakin sandar ita ce ke zaɓen giya. In ba a daidaita ta ba, sai cibiyar ta tsaya tsakanin ta biyu da ta uku, feda ta zame. Ciwon kekena ke nan. Har wa yau akwai 'yar kafa a jikin cibiyar inda ake ɗiga mai marar kauri, wadda ba wanda ya buɗe ta shekara da shekaru.

Na buga zanen a takarda na koma wurin mai gyara na uku. Ba ya karanta Turanci, amma da ya ƙura wa hoton ido sai ya ce, "Af, ashe haka take!" Kafin la'asar ya kwance, ya wanke, ya mayar da kome wurinsa. Hannu yana da shi tun dā, hoto kaɗai ya rasa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na fari, ɗakin karatu na kwalejinmu ya tara irin waɗannan zane a takarda, na keke da na keken ɗinki da na injin niƙa, gama abin da ke intanet yau ana iya wayi gari babu shi. Na biyu, mu je wurin dattawan makanikai na Kafanchan da Zonkwa da Kwoi, mu rubuta sunan da suke kiran kowane ƙarfe a gefen lambarsa, tun suna da rai. Na uku, mu koya wa yara karanta zane kamar yadda muke koya musu karanta haruffa.

Na san wani zai ce, "Ana zamanin babur, wa ke ta tsohon keke?" Amsa ita ce, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, malamin ƙauye ya san darajar abin hawan da ba ya shan mai. Ban da haka, na gwada abin a aji. Mako biyu ina fama da yara a kan 3 bisa 4 da 4 bisa 3 a allo, ba su kama ba. Ran da na kifa keken a gabansu, na sa alli a taya, suka ƙirga juyi da bakinsu, a ranar suka gane. Gani ya kori ji.

'Yan'uwana, mu da za mu fita mu riƙe aji, kada mu tā da yaran da in abu ya lalace ba su san kome ba sai yarwa. Wanda ke son ganin zanen nan, yana manne a ƙofar ɗakina, keken kuma yana jingine a ƙarƙashinsa. Allah ya ba mu himma.