Lambar Harry Potter da haƙƙin Daskin da Riɗi

Ranar 13 ga Fabrairun 2011, ƙungiyar BAFTA, wadda ke karrama masu sana'ar fim a Ingila, ta bai wa jerin finafinan Harry Potter lambar gagarumar gudummawa ga sinimar Birtaniya. Marubuciyar littattafan, J.K. Rowling, da furodusa David Heyman ne suka karɓa, tun kashi na takwas bai fito ba. A Amurka kuwa, sau 12 ana saka finafinan cikin takarar Oscar, ba su taɓa ɗaukar ko ɗaya ba.

To, me Ingila ta karrama ke nan? A ganinmu, aikin da labarin ya haifar ta duba. Daga 2001 zuwa 2011 aka fitar da finafinai takwas, kuma a Leavesden, wani tsohon filin jiragen sama kusa da Landan, aka yi yawancin aikinsu. Shekara goma kafintoci da teloli da masu zane da masu siddabarun kwamfuta suna ci daga wannan labari, yaran da suka shiga da koyo suka fito gwanaye. Kuɗin da finafinan suka tara a gidajen sinima ya haura dala biliyan 7. Duk wannan a kan tatsuniyar maraya mai hawa tsintsiya.

Mu fa tatsuniya ba baƙuwarmu ba ce, raina ta ne muka gada. Mun ajiye ta a matsayin hirar tsofaffin mata da yara bayan sallar isha'i, har aka tsoratar da mu cewa ba a yin ta da rana. Amma a ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Sarauniya na Kano ya ɗauki Daskin da Riɗi ya mayar da ita fim: ɗan sarkin da ya ɓoye sunansa, 'yan matan da suka yi ado suka tafi nemansa, da yarinyar da kowa ya raina, wadda ta tsaya ta taimaki tsohuwa a hanya, tsohuwar ta faɗa mata sunan. Da ƙaramar kyamara aka yi shi, aka sayar a kaset. Wanda ya kalle shi yau zai ga gyambonsa a fili, sauti na rawa, hoto na dusashewa. Duk da haka ya nuna cewa labarin kaka na iya tsayawa a allo, mutane su sa kuɗinsu su saya. A garin da riɗi ke cika kasuwa duk kaka, sunan kaɗai ya isa ya sa mu waiwaya.

Za a ce mana finafinan almara cike suke da tsafi da aljanu, bai kamata Musulmi ya girmama su ba. Ba mu ɗauki wannan magana da wasa ba, domin akwai finafinan da ke ƙawata zuwa wurin boka, kuma ba su muke karewa ba. Sai dai tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba. Gizo da Ƙoƙi ba su nemi kowa ya yi imani da su ba, kuma ba mu san yaron da ya tashi daga tabarmar kakarsa yana jiran kura ta yi masa sallama ba. Abin da yake tashi da shi shi ne cewa wulaƙanta tsoho na da sakamako. Malaman da suka fi mu sani ba su ƙyamaci wannan fage ba. Abubakar Imam ya cika Ruwan Bagaja da aljanu, kuma da shi aka koya wa ɗalibai karatun Hausa shekaru aru-aru. A nan Sudan, Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib, wanda ya yi tafsirin Alƙur'ani a rediyon Omdurman, ya kuma shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a shekarun 1960, shi ne ya zauna ya tattara tatsuniyoyin ƙasar nan a littafi. Bai ga hakan ya rage masa rawani ba.

Lamarin ya fi matsa mu a Gadarif fiye da mutanen Kano. Can yaro zai ji Hausa a kasuwa da rediyo da bakin titi, ko bai so ba. Nan makaranta da Larabci take, wasan ƙwallo da Larabci, zane-zanen Spacetoon ma da Larabci. Tun zamanin da kakanninmu suka biyo hanyar hajji da ƙafa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausarmu a cikin gida take rayuwa, a bakin uwa da kaka. Yaro ba ya riƙe harshe don an yi masa wa'azin asali. Yana riƙe harshen da ya taɓa ba shi dariya ko ya hana shi barci don tsoron dodo. Idan duk abin mamakin da ya gani a allo da Larabci ko Turanci ya zo masa, Hausa za ta koma harshen aike da faɗa kawai. Finafinan Indiya da Algaita ke fassarawa sun toshe wata kafa, amma labarin na wasu ne.

Mun san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin nan ya cika da waɗanda suka baro gidajensu, kuma mai neman abin sawa a tukunya ba ya tunanin lambar yabo. Karramawar da muke nufi ba ta bukatar zauren taro ko gunkin tagulla. Ƙungiyoyin matasanmu su nemo Daskin da Riɗi su haska wa yara a filin unguwa bayan an gama yankan riɗi, a kira sunayen waɗanda suka yi shi, a rubuta musu takardar godiya zuwa Kano daga Hausawan Gadarif. Idan an kashe allo, a ba tsohuwa guda kujera ta faɗi yadda ita ta ji labarin daga tata kakar, domin tana yiwuwa nata ya sha bamban da na fim, wani kuma ya kunna waya ya naɗa.