Wa Ya Ce Goge Ba Ya Ɗaukar Tarihi?

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce zuba labaran magabata cikin kiɗan taron makaɗa irin na Turai cin mutuncin tarihi ne. Haba Malam!

Ga misali: Firdausi ya kammala littafin Shahnama a 1010. Behzad Ranjbaran, mutumin Iran, ya ɗebo labarin Rustam da Siyawash da tsuntsuwa Simurg daga ciki, ya gina kiɗa uku, makaɗan London Symphony suka kaɗa. Me ya ragu a jikin Rustam?

Mu nan Rima fa? Alƙalawa ta faɗi a 1808. Muhammadu Bello ya yi ribaɗi a Wurno, can ya kwanta dama a 1837. Amma tambayi yaron da ke cika buhun albasa a kasuwar Goronyo wane ne Bawa Jan Gwarzo. Zai ɗago kai daga wayarsa ya yi maka kallon baƙo. Ga cin mutuncin nan, ba ka gan shi ba.

Kana kuka da kayan aro. To, kotson Narambaɗa da taushin Jankiɗi ma wani ya fara ɗaura musu fata. Bari yaranmu su haɗa su da gogen Turawa, mu ji tukuna.